Yadda ake sayen kupe ta hannu a Yamai, da yadda za ka auna ta da rodsta kafin ka biya

Duk wanda ya zo min da maganar yana son ƴar ƙaramar motar gudu ta hannu, kafin in tambaye shi miliyon nawa ya tanada sai na tambaye shi ina motar za ta riƙa kwana, kuma wace irin hanya ce ke kai shi ƙofar gida. Don a Yamai da wuya ka ga gudu ya kashe irin waɗannan motocin, rana ce ke cinye su da ƙura da ramukan unguwa, sai kuma rashin kayan gyara, ka ga mota ta share watanni a gareji ana jiran wani ɗan ƙarfe daga Dubai.

Iri biyu za mu duba. Kupe ita ce mai ƙofa biyu da rufin ƙarfe da ba ya buɗewa, wasu na da ƴar kujera a baya wasu babu. Rodsta kuwa kujera biyu ce tak kuma rufinta na buɗewa, ko na yadi ko na ƙarfe mai naɗewa, ita ce ake ce ma dekapotabul. Ra'ayina in faɗa maka tun yanzu, in ita kaɗai za ta zama motarka to ɗauki kupe. Amma bi matakan ka gani da idonka.

Kayan da za ka riƙe

Tocila mai haske sosai, ta waya ba ta isa. Ƙaramin maganaɗisu a naɗe cikin tsumma don kar ya karce fenti. Farin tsumma ko takardar goge hannu. Kwali ko tsohuwar tabarma da za ka kwanta a kai ka leƙa ƙarƙashi. Mitar auna tsawo irin ta tela ko ta magina. Mitar auna kuran ta duba batir. Ƴar na'urar OBD2, mai karanto matsalolin da kwamfutar mota ta gano, irin ELM327 da ake haɗawa da waya, in ba ka da ita ba komai, ka shirya da garejin da ke da baliz, wato babbar irinta, su sa ma motar. Bokiti biyu na ruwa ko tiyo in rodsta za ka duba. Waya mai intanet.

Sai babban cikinsu, makanike naka na kanka, wanda kai za ka biya shi kuɗin wuninsa. Kar ka yarda da wanda dillali ya ce "ga yarona nan ya san motar", wannan kamashonsa na cikin cinikin. In makanikenka bai taɓa buɗe irin injin ba, nemi wanda ke gyaran motocin kamfanin, mai gyaran Golf zai gane Audi TT, mai gyaran Murano zai gane 350Z.

1. Auna hanyarka da aljihunka

Ɗauki mitar nan ka je ka auna dakalin shiga garejin gidanka da dodan ɗin da ke kan hanyarka, wato tudun nan na rage gudu. Yawancin waɗannan motocin tsakanin cikinsu da ƙasa bai wuce santimita 12 zuwa 14 ba, Toyota GT86 wajen 13 ce. In gidanka na bakin gudron a Plateau ba matsala. In kuwa sai ka yi kilomita biyu cikin rairayi ko jar ƙasa a can bayan Bobiel ko Niamey 2000, to ka tuna da watan Agusta lokacin da layin ke zama kwari, motar da ke shaƙar iska daga ƙasa-ƙasa in ta zuƙi ruwa inji ya tafi ke nan, sau da yawa ba a gyarawa sai dai a sake.

Kuɗi kuma ka raba shi tun a gida. Kashi huɗu na saye da takardu, kashi ɗaya ka ɓoye na gyaran watan farko, kuma kar ka bari dillali ya ji ƙanshinsa. Ba sayen doki ke da wuya ba, harawar ce.

2. Kupe ko rodsta

Nan ne mutane ke bin hoto su yi nadama, don haka bari in ɗan daɗe.

Rodsta daɗinta gaskiya ne, ba zan yi maka ƙarya ba. Da yamma bayan la'asar sakaliya a watan Nuwamba, ko washegarin ruwa, ka buɗe rufi ka bi ta Corniche gefen kogi ko ka haye gadar Kennedy, babu motar da za ta ba ka wannan. To amma zauna ka ƙirga kwana nawa ne haka a shekara. Daga Maris zuwa Yuni zafi na wuce digiri 40, a Afrilu da Mayu har ya kusa 45, ba mai buɗe rufi da rana, kujerar fata ma ba ta zamuwa. Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne, in ka buɗe ƙura ta cika tablo da makunnai da hancinka. Damina kuma hadari na tasowa da guguwar ƙasa cikin minti kaɗan. Ke nan mafi yawan shekara rufin a rufe yake, kuma rufin yadi a rufe bai kai na ƙarfe tare zafi ba, kilim na ta wahala, ƙarar titi na shigowa, sannan duk ɗan iskan da ke da reza zai iya yanka shi a kasuwa don ya ɗauki caja.

Wani abu kuma na ƙira. In aka cire ma mota rufin ƙarfe jikinta na rage ƙarfi, sai kamfani ya ƙara ƙarafa a ƙasa, shi ya sa 350Z rodsta ta fi kupe ɗinta nauyi da wajen kilo 100, but ɗinta kuma ya fi ƙanƙanta tunda rufin na cin wuri. A hanya mai gargada za ka ji gilashin gaba da sitiyari na ɗan rawa a rodsta, kupe ba ta yin haka. Mazda MX-5 ce ta ɗan bambanta don tun fitowarta a 1989 a rodsta aka zana ta, ba ta da nauyi, wajen tan ɗaya ce ko ɗan sama, kuma rufin yadinta da hannu ɗaya ake turawa, babu famfo babu moter da zai mutu.

Kupe irin GT86 ko Audi TT na da ƴar kujerar baya, babba ba zai zauna ba sai dai yaro ko jaka, amma ana kwantar da ita but ya yi girma. Ranar da za ka ɗauko uwargida da yaro daga gidan suna za ka san amfaninta. Lura dai 350Z da 370Z da Z4 kupe kujera biyu ne su ma.

Akwai na tsakiya, masu rufin ƙarfe mai naɗewa: Mercedes SLK tun 1996, BMW Z4 ta 2009 zuwa 2016, da wasu MX-5 daga 2006. A rufe kusan kupe ce. Sai dai a SLK da Z4 rufin da mai da famfo da ƴan firikwensin da yawa yake aiki, ƙura na son su, kuma masu gyaransu a garin nan ba su da yawa.

A taƙaice rodsta ta mai mota ta biyu ce da rumfa a gida da rumfa a wurin aiki.

3. Zaɓi samfuri da idon kayan gyara

Kafin ka ƙyalla ido kan wata, zaga wajen ƴan feray da masu shagon kayan mota ka tambayi abu uku na motar: famfon ruwa, falaket ɗin birki, da ambiriyaj. In duk suka ce sai an yi oda, ka san inda ka sa kanka. Da aka rufe iyakar Gaya da Malanville a 2023 kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina, hanya ta yi tsawo. Wasu ana samo su daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas ko Sharjah, amma duk jira ne.

Toyota Celica ta ƙarshe, 1999 zuwa 2006, ita ce mai sauƙin riƙo. Mai injin 1ZZ lita 1.8 danginsu ɗaya da na Corolla da Avensis, duk makanike ya san shi. Tayoyin gaba ne ke jan ta kuma ƙarfin injinta wajen doki 140 ne, ba wani gudun a zo a gani ba, na farko-farkon kuma suna shan mai. Amma ba za ta kwana a gareji ba.

GT86, wadda ita ce Subaru BRZ kuma ita ce Scion FR-S a Amurka, ta fito 2012, doki 200, tayoyin baya ne ke tura ta. Kar sunan Toyota ya ruɗe ka, injin na Subaru ne mai kwance, canza buji kaɗai aiki ne. Na 2012 da 2013 an yi musu kiranye a 2018 kan sifirin ɗin bawul, ka tambayi shaidar an yi. Tana son esans mai oktan 98 kuma mu a famfo super ɗaya gare mu, za ta tafi amma ba da cikakken ƙarfinta ba, kuma kar ka kuskura ka zuba mata na kwalba na ƴan ruwa-ruwa.

Nissan 350Z, daga 2002, V6 lita 3.5, doki wajen 280 zuwa sama da 300 gwargwadon shekara. Injin VQ35 ɗan'uwan na Murano da Altima da Infiniti G35 ne, wannan babban taimako ne. Na 2005 da 2006 masu giyar hannu wasu sun yi suna wajen shan mai, na 2007 zuwa sama mai injin HR ya fi. Tana shan esans ba wasa. Ita ce ta fi sauƙin kwatantawa tunda akwai kupe akwai rodsta inji ɗaya, in ka samu duka biyun tuƙa su rana ɗaya.

Audi TT kaya da yawa na Golf ne. Mai 1.8T kuruwar distribisiyon gare ta, in ta tsinke bawuloli sun lanƙwashe, don haka in ba shaidar an canza ka sa kuɗin cikin lissafi. Mai bwat DSG, wato akwatin giya mai canzawa da kansa, ana canza mata man bwat duk kilomita 60,000, kuma yawancin waɗanda na gani ba a taɓa ba.

BMW Z4 injinta mai silinda shida na da daɗi, amma tankin ruwa da bututunta na roba ne kuma zafinmu na gasa su su fashe ba sallama. Porsche Boxster da Cayman kuwa, in ba ka da wanda zai riƙa aiko maka kaya daga Turai, bar su a hoto.

4. Asalin motar da takardunta

Kar ka taɓa inji sai ka gama da takarda. Karɓi kat giriz da takardar biyan duwan da asirans da binyet da bizit teknik. Lambar shasi harafi 17 ce, babu I babu O babu Q a ciki, ka gwada ta takarda da ta gindin gilashin gaba da ta jikin ƙofar direba da wadda aka buga a ƙarfen mota. In ka ga walda ko sabon fenti kewaye da lambar, gaishe su ka tafi. A motocin Amurka harafi na 10 shi ne shekara, 5 na nufin 2005, A 2010, D 2013, da shi za ka kama dillalin da ya ƙara ma mota ƙuruciya.

Rubuta lambar a Google. Motocin gudu da ke zuwa daga Amurka da yawansu daga gwanjon Copart ko IAAI suke, na hatsari ko na ambaliya, kuma sau da yawa hotunan ranar gwanjon na fitowa, ka ga motar da ke ƙyalli a gabanka ashe ba ta da gaba. Ba duk mai hatsari ce abin gudu ba, bamba da fitila ba komai ba ne, amma in jakar iska ta fashe ko ƙafar gaba ta shige ciki, a'a. Kwantarsu kuma da mil take ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, 90,000 a tablo ya kusa kilomita 145,000.

Ta Jamus ko Beljiyam tsatsa za ka nema a ƙasa saboda gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Ta Ingila ko Japan sitiyarinta na dama, wuce kamiyon a hanyar Doso cikin mota mai ƙasa haka alhali ba ka ganin gaba, ni ba na ba da shawara.

In mai motar baƙo ne ma'aikacin ofishin jakadanci ko wata ƙungiya, mai yiwuwa da rangwamen duwan ta shigo, in ka saya kai za ka biya. Je da tiransite ofishin takardun mota, wato Guichet Unique Automobile, a lissafa maka tun kafin ciniki.

5. Jiki da ƙarƙashi

Da safe, a fili, mota busasshiya. Motar da aka wanke yanzu-yanzu tana ɓoye tabon fenti da yoyon mai. Tsuguna a kusurwa ka kalli gefenta a tsaye, fentin da aka sake yana yin ƴan ƙuraje kuma launinsa na ɗan bambanta. Duba ratar kapo da ƙofofi ko dama da hagu daidai suke. Bi da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa akwai mastik. Kuskuren da ake yi a nan: kapo na MX-5 da 350Z da GT86 na alminiyom ne, TT ta 2006 zuwa sama ma yawancin jikinta haka, maganaɗisu ba ya kama su ko lafiyarsu lau, kar ka zargi mutum a banza. A irin wannan duba kan kusoshin kapo da na fuka-fukan gaba, in fentinsu ya ɓare an taɓa kwancewa.

Shimfiɗa kwali ka kwanta, in akwai gareji mai rami kusa ya fi. Nemi karce da lotsawa a kaskon mai da salansa da ƙarfen gefe, motar da ta zauna Yamai ba ta rasa karce amma lotsawar kaskon mai ko tsagewa wani abu ne daban. Duba ko katalizer na nan, sau da yawa ana yanke shi a hanya a sayar a walda bututu. A MX-5 ƙwanƙwasa ƙarfen ƙasan ƙofa gaban tayar baya, nan take ruɓewa daga ciki.

Ɗaga kafet ka shinshina, ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai layin laka, duba tsatsa a dogon da kujera ke tafiya a kai. Wannan alamar ambaliya ce, kuma motar ambaliya wayoyinta ba sa daina ba da mamaki.

Taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT da ke jikinta, 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na 2019. Wadda ta wuce shekara shida a zafinmu ta gama ko da zanenta na nan. In tayoyin baya sun cinye na gaba na nan sabbi, ga ɓurɓushin roba manne cikin kwarin taya, to mai ita ɗan wasan juyi ne, ambiriyaj da pon na baya, wato giyar da ke tsakanin tayoyin baya, sun sha wuya.

6. Inji, a sanyi tukuna

Ka ce kar a tada ta kafin ka zo, in ka iso ɗora hannu kan inji. In da ɗumi an riga ka, koma gobe. Zaro sandar mai ka goge a farin tsumma, buɗe murfin mai ka duba cikinsa, in akwai kumfa mai kauri launin shayi da madara ruwa na haɗuwa da mai, juwan kilas ke nan. Buɗe tankin ruwa tun yana sanyi, kar ka taɓa buɗe shi da zafi zai ƙona maka fuska. Ya kamata ka ga ruwan radiyata mai launi, in ruwan famfo ne mai tsatsa ka san irin riƙon da aka yi mata. Tambayi ko an cire tarmosta, al'adar garejinmu ce wai don zafi, amma a waɗannan injinan kwamfuta na rikicewa ta riƙa zuba esans da yawa.

Juya makulli kar ka tada, duk fitilun tablo su kama, har ta inji da ta jakar iska da ta ABS. Wadda ba ta kama ba an cire mata ƙwai ne ko an liƙe ta. Tada, kai ka tsaya a baya makanike a gaba. Hayaƙi shuɗi mai ne, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne, baƙi esans ne ya yi yawa. Ƙarar ƙarafa na ƴan daƙiƙu a farkon tashi a motar da ke da sarƙa, irin SLK mai injin M271, sarƙar ce ta saki. Batir a kashe ya nuna wajen 12.6, inji na aiki tsakanin 13.8 da 14.4.

Sa OBD2. Kar ka tsaya kan "babu kod", wato ba ta nuna lambar wata matsala ba, duba wurin da ke nuna ko gwaje-gwajen kwamfutar sun kammala, in da yawa ba su kammala ba to goge kod ɗin aka yi jiya ko yau. Ka sake sawa bayan tuƙi.

7. Rufin rodsta

In kupe ce tsallake nan, sai dai ka duba robar ƙofa da ta but.

Buɗe ka rufe sau uku a jere, inji na aiki. Ya tafi sumul ba tsayawa a tsakiya ba karkata gefe ɗaya. Shiga ciki a rufe da rana tsaka ka ɗaga kai, duk inda haske ya ɓullo rami ne. Bi ɗinki da yatsa musamman inda yake naɗewa da kewayen gilashin baya. Tsoffi irin Z3 da MX-5 ta farko da Boxster ta farko tagar bayansu ta leda ce, rana na mai da ita ruwan ɗorawa ta tsage. Mai kujerun mota zai iya ɗinka maka wata, amma rufi gaba ɗaya sai oda.

Sai gwajin ruwa. Kai ka zauna ciki, wani ya kwarara bokiti kan rufi da gefen tagogi, a hankali ba watsawa ba. Jira minti biyar ka taɓa kafet ɗin bayan kujeru da cikin but. Kowace rodsta na da ƴan magudanai da ke sauke ruwa ƙasa, a nan ƙura ke toshe su ta zama laka. A Z4 ta 2002 zuwa 2008 moter ɗin rufin na zaune cikin lungun da ruwan ke taruwa, in magudanar ta toshe sai ya nutse ya mutu. A SLK duba silin saman gilashin gaba da cikin but, in ka ga tabon mai silindar rufi ce ke yoyo. In mai mota ya ce "fis ne kawai ya ƙone", ce masa ya sa fis ɗin ka gani.

8. Tuƙi

Minti goma kewaya fak ba gwaji ba ne. Ka sa esans da kuɗinka ka nemi awa guda, kuma da azahar. Fara da cunkoso, Bulbar Mali Bero ko wajen Katako, kilim a ƙure, idonka kan allurar zafi. Ta hau tsakiya ta tsaya cak, fanka ta riƙa kamawa tana saki. In tana haurawa a tsaye tana saukowa in an tafi, fanka ko radiyata. Wannan gwajin ya fi min duk sauran muhimmanci a garin nan.

Daga nan fita hanyar ayropor. Kashe rediyo. A giya ta huɗu ko ta biyar kana tafiya a hankali taka totur ƙasa, in allurar inji ta tashi mota ba ta ƙara gudu ba ambiriyaj na zamewa. Saurari ƙyas-ƙyas daga inji lokacin, alamar esans bai yi masa ba ne. Canza giya da ɗan sauri, in ta yi gurnani wajen shiga ta biyu ko ta uku bwat ta gaji, 350Z na farko sun san wannan ciwon. Kukan da ke tashi daga baya yana bin gudu, pon ne ko boris. Taka birki da ƙarfi inda ba kowa, kar ta ja gefe kar feda ta yi rawa. Nemi fili ka juya sitiyari har ƙarshe ka zagaya a hankali, in tayar baya na tsalle tana ƙara an walde pon, bar ta.

Ƙarshe kai ta layin gidanka, ka shigar da ita gareji ka fito. In rodsta ce bi gargada rufi a buɗe sannan a rufe ka ji bambancin rawar jiki. Motar da aka ƙara ma ƙasa ko aka taɓa kwamfutarta ko aka sa mata salansa mai ihu, kar ka biya ko dala a kan kwalliyar, ragi ma za ka nema don sai ka maida ta yadda take.

In kana da niyyar zuwa Tawa da ita, kilomita wajen 550 ta Doso da Dogon Dutsi da Kwanni, buɗe but ka ga ko akwai safaya. Z4 da MX-5 daga 2005 ba sa zuwa da ita, kuma siririyar taya ta janti 17 ko 18 ba kowane mai faci ke da irinta a hanya ba.

9. Ciniki da biya

Rubuta duk abin da kuka gano, makanike ya sa ma kowane kuɗinsa har da na aiko kaya, ka cire daga farashin, da wannan takardar za ka yi ciniki ba da baki ba. Motocin nan masu saye ba su da yawa, wadda ta daɗe a fak rana na dukanta mai ita ya fi ka matsuwa, kar ka nuna zumuɗi. Ka nemi ganin mai sunan da ke kan kat giriz ko takardar wakilci, a yi takardar sayarwa da shaidu a buga mata hatimi a hukumance, a rubuta lambar shasi da kilomita da kuɗin da ka biya na gaskiya. Kamashon dillali a yanke shi tun farko da wanda zai biya. Karɓi makulli biyu, na irin waɗannan motocin yin sabo da tsada. Canjin suna kuma yi shi a makon, kar ka riƙa yawo da sunan wani.

10. Makon farko

Ko an rantse maka an yi bidanj jiya, sake. Man inji mai lambar da littafin motar ya ce, ba mai kaurin nan da ake zuba ma taksi ba, da matatar mai da ta iska da ta kilim, man birki, man bwat da na pon. A wanke radiyata ciki da waje a zuba ruwan radiyata na gaske, a maida tarmosta in an cire, duk tiyon da ya yi tauri ko ya kumbura a canza. Mai kuruwa a canza ta tare da famfon ruwa lokaci ɗaya. Matatar iska a hunturu riƙa dubawa duk wata. In toliye zai iya yanka maka farantin ƙarfe ya ɗaura ƙarƙashin kaskon mai, yi, amma ya bar ramukan iska.

Mai rodsta kuma a zura siririyar waya mai laushi a buɗe magudanan nan kafin damina da bayan hunturu, a shafa man silikon a robobin rufi, man inji ko giris na cinye roba. A wurin wanki ka tsaya a kansu, kar su sa injin feshi mai ƙarfi kan yadin ko omo da burushi mai tauri, ruwa da sabulu mai laushi ya isa, kuma kar a naɗe rufin sai ya bushe sarai.